Gini a bayan garin Zariya: tanadin ambaliya da zafi

Tambaya: Na sayi fili wajen Dakace, ina shirin fara gini. Maƙwabta sun ce ruwa yana kwanciya a layin da damina, ga kuma zafin bazara. Wane tanadi ya kamata in yi kafin a sa harsashi?

Amsa: Malam, ruwan da Zariya ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma sauyin yanayi yana ƙara yawan mamakon da ke zuba cikin ɗan lokaci. Duk da haka, a ganina babban laifin yana ga yadda muke gini. A da, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke tara ruwan sama har ƙasa ta shanye shi a hankali, fadamun Galma da Kubanni kuma suna ɗaukar abin da ya rage. Yanzu ana cike kududdufi da shara a yanka filaye, ana malale tsakar gida da siminti, sai ruwan ya rasa inda zai bi in ban da ɗakunan mutane.

Saboda haka ka je filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka ga inda yake bi da inda yake tsayawa, sannan ka tambayi dattawan wurin abin da ake nomawa a da. Idan suka ce shinkafa ko rake, to fadama ka saya, kuma dole ne daɓen ɗakunanka ya ɗara titi tsawo sosai. Ka nemi amincewar hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, wato KASUPDA, kan zanen ginin, ka bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, ka kuma haɗa indararo da tanki. Magudanar ruwa kuwa aikin gayya ce ta mutanen layi da mai unguwa, domin kwatar gida ɗaya tura ruwa kawai take yi ƙofar maƙwabci.

Maganar zafi ta fi sauƙi. Ka sa silin a ƙarƙashin kwano mai hasken launi, ka yi tagogi masu fuskantar juna, ka dasa dalbejiya ko mangwaro ta yamma, nesa kaɗan da katanga saboda saiwa.