Yaron da aka karɓo daga Diffa yana firgita cikin dare

Hajiya, kin ce ɗan ƙanwarki mai shekara 8 da kuka karɓo daga Diffa yana zabura cikin barci da ihu, ya koma fitsarin kwance, maƙwabta kuma na cewa iskokai ne. Allah ya ba shi lafiya.

Tun 2015 da Boko Haram ta fara kai hari Bosso da Diffa, yaran yankin sun ga abin da ko babba zai sha wuyar ɗauka. Yaro bai san yadda zai faɗi abin da ke cinsa ba, sai ya fito ta mugun mafarki, ciwon ciki, ko ya ruga bayan ƙofa da zarar ɗan kabu-kabu ya wuce da ƙara.

Don Allah kada a doke shi kan fitsarin, kada a shanya tabarmarsa gaban yara ana dariya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don tsoron ƙaruwa yake yi. Kada kuma a matsa masa da tambayar abin da ya gani; in ya fara magana da kansa, ki saurara. Ya kwana kusa da ke, a bar fitila, a sa shi lakwal cikin sa'anninsa.

Addu'a a ci gaba da yi, amma ku kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a auna fitsarinsa, musamman in akwai jini, saboda tsargiya. In firgitar ta wuce wata guda, ko ya daina ci, ko yana sandarewa kamar mai farfaɗiya, ki roƙi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin Damagaram.