Amsa ga Dakta kan koya ma ɗaliban likitanci adalci a harkar lafiya

Dakta barka da ƙoƙari. Kin tambaya yadda za a koya ma ɗaliban likitanci adalci a harkar lafiya ta tsarin da ake auna abin da ɗalibi ya iya yi da hannunshi, ba haddar da ya yi ba. Na daɗe ina karɓan ɗalibai fostin, wato koyon aiki a asibiti, a nan Zamfara, kuma gaskiya abin da babu maki a kanshi ɗalibi bai kula shi, ko lakca nawa kika yi kan taron duniya na Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko.

Ni da gubar dalma nake fara musu. A 2010 yara suka riƙa suma da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, ana ta zaton zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau, sama da yara 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ashe dutsen zinari mai ɗauke da dalma ake niƙawa a tsakar gida, ƙura ta bi ƙasa, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka zo da magani ma sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, in ba haka ba yaro na komawa gida zai sake kwasa, kuma ba ki iya ce ma magidanci ya bar aikin kawai tunda da shi yake ci da iyali.

To daga nan nake fidda abin dubawa. In zauna gefe ina kallo, shin ɗalibi ya tambayi uwar yaro mara lafiya sana'ar da ake yi a gidan? Nawa ta biya mashin, wa ya ba ta izinin fitowa, wa ta bar ma sauran yara? In ya rubuta magani sai in tura shi kemis ya jiyo kuɗin, ya dawo ya gaya mani ko za ta iya saye, in ba ta iyawa me zai canza. Wanda bai yi ba, ban sa mishi hannu a logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da ya yi, ya sake.

Ɓangaren duniya kuma ki ba su cutar noma, wadda ke cin fuskar yaran talakawa, su binciko dalilin da sai a Disambar 2023 WHO ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Don Allah kar a tura su inda babu tsaro, iyalan da suka yi gudun hijira suna nan cikin Gusau da Anka, a fara da su.