Hukuncin Riƙe Kafin Alƙalami da Cin Tarar Mai Jinkirin Biya a Sana'ar Shara da Goge-goge

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da 'yar ƙaramar sana'a ta tsaftace gidaje da ofisoshi, ni da yara huɗu da ke min aiki. Mutum zai kira ya ce a zo masa ranar kaza, mu ƙi karɓar wani aikin saboda shi, mu sayi sabulu da sinadarai, mu ɗauki mota, sai mun isa ƙofar gida ya ce ya fasa. Shi ya sa na fara karɓar kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami. In ya fasa, ya halatta in riƙe kuɗin? Sannan akwai waɗanda muke gama musu aiki su yi ta ja mana rai, yau gobe, har wata biyu. Wata ƙawata ta ce in rubuta a rasit cewa kowane sati na jinkiri akwai ƙarin kashi 5. Mene ne hukuncinsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sa wa sana'arki albarka. Kafin a fara aiki, shari'a ta ba ki fili sosai ki kare kanki da sharuɗɗa. Da zarar an gama aiki, kuɗinki ya zama bashi a wuyan kwastoma, shi kuwa bashi ba a ɗora masa komai saboda daɗewa. Amsoshin biyu duk daga nan suka fito.

Karɓar wani ɓangare na kuɗin aiki tun kafin a fara ba shi da laifi, domin abin da ke tsakaninki da kwastoma ijara ce, wato yarjejeniyar yin aiki a bakin lada, ana iya biyan ladanta a farko ko a ƙarshe gwargwadon yadda aka yi yarjejeniya. Saɓanin malamai yana kan sharaɗin cewa in ya fasa, abin da ya bayar ya zama naki. Wannan shi ne arbun, kuma Hanafiyya da Malikiyya da Shafi'iyya sun hana shi. Hujjarsu hadisin Amru ɗan Shu'aibu daga babansa daga kakansa, cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin arbun, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Abu Dawud da Ibnu Majah ma suka ruwaito. Da Malik ya zo bayaninsa bai tsaya kan saye da sayarwa ba, har da hayar dabba ya ambata, don haka sana'arki ta shiga ciki. Suka ƙara da cewa cin dukiyar mutum ne ba a bakin komai ba.

Imam Ahmad ya halatta. Ya raunana wancan hadisin, kuma malaman hadisi da dama sun tafi a kan rauninsa saboda akwai wanda ba a ambaci sunansa ba a cikin isnadin, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi. Ya dogara da abin da Nafi'u ɗan Abdul Haris, wakilin Umar (RA) a Makka, ya yi: ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya dirhami 4,000 don a mayar da shi kurkuku, a kan in Umar ya yarda ciniki ya faɗa, in bai yarda ba Safwanu yana da dirhami 400. Akwai kuma ƙissar da ta fi kama da halinki, Bukhari ya kawo ta daga Ibnu Sirin a babin sharuɗɗa. Wani mutum ya ce wa mai ba da hayar raƙuma ya shirya dabbobinsa, in bai fita tare da shi ranar kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fita ba. Alƙali Shuraihu ya yanke cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba tilasta shi aka yi ba, sharaɗin ya hau kansa. Mai raƙuman nan ya ɗaure kaya ya zauna jira, kamar yadda yaranki ke tsaye a ƙofar gida da bokitai da injin zuƙe ƙura, ranarsu ta tafi a banza. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 8 a Burunai a 1993, ta halatta arbun a ciniki da ijara da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira.

Abin da nake rinjayarwa shi ne halaccin, domin wanda ya kama miki rana ya hana ki wani aikin, ba za a ce kuɗin da kika riƙe ba a bakin komai yake ba. Amma sai kin faɗa masa tun kafin ya miƙo kuɗin, a rubuce ya fi, ko da saƙon waya ne: wanda ya fasa saura kwana biyu za a mayar masa da kuɗinsa, wanda ya fasa ranar aiki ya rasa. In ba ki faɗa ba, kuɗin wani ɓangare ne na lada kawai, ba ki da ikon cinye shi don ranki ya ɓaci. In kuma daga gare ki matsalar ta zo, ba ku je ba ko kun je a makare har aikin ya wuce, ki mayar masa duka. Ina kuma ba ki shawara ki tsaya a kan asarar da kika yi da gaske, wato kuɗin mota da ladan yara na ranar da aikin da kika tabbata kin rasa, ki mayar da ragowar. Sabulun da ba a buɗe ba yana nan, gobe za ki yi aiki da shi, bai kamata ya shiga lissafi ba. Hakan ya fi kusantar da ke ga fita daga saɓani, tunda waɗanda suka hana ba ƙananan malamai ba ne. Wanda rasuwa ko rashin lafiya ta hana shi kuwa, sakar masa kuɗinsa ya fi dacewa da ke.

Shawarar ƙawarki kam haramun ce. Ƙarin kashi 5 duk sati shi ne ainihin ribar jahiliyya, inda mai bin bashi ke cewa ko ka biya ko ka ƙara. Kiranta tara ko kuɗin jinkiri bai canza komai ba, amincewar kwastoma da sa hannunsa ma ba su halatta ta. Majalisar da na ambata ta faɗi haka a Jidda a 1990, ta sake a Riyad a 2000, inda ta ce sharaɗin tara yana halatta a yarjejeniyoyin kuɗi, ban da inda abin da ke wuyan mutum bashi ne. Ki lura, ke za a iya sa miki tara in kika jinkirta aiki, domin aiki ne a wuyanki. Shi kwastoma ba a sa masa, domin kuɗi ne a wuyansa.

Wannan ba ya nufin mai taurin bashi ya sha. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. A wani hadisin na Abu Dawud da Nasa'i, jan ran da mai hali ke yi yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Malamai suka ce mutuncin shi ne ki faɗa cewa wane ya hana ni haƙƙina, hukuncin kuwa na alƙali ne. Don haka kina iya kai shi ƙara, kuma Ibnu Taimiyya ya ce abin da aka kashe wajen ƙarar bisa al'ada yana kan wanda ya ja aka yi ta. Kina iya gargaɗin abokan sana'a game da shi da iya abin da ya faru, ban da zagi da ƙarin gishiri. Ofishin da kuke yi wa aiki duk sati, ki dakatar da zuwa sai sun biya na baya. Amma fa duk wannan a kan mai hali ne. Wanda da gaske ba shi da shi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu.

Tun a farko ya halatta ki sa farashi biyu, na biya nan take da na ƙarshen wata wanda ya ɗan fi tsada, muddin kwastoma zai zaɓi ɗaya a tsayar da shi kafin a fara. Wanda ya zaɓi nan take sannan ya yi jinkiri, ba a mayar da shi kan farashi na biyu, don nan ribar ta dawo ta bayan gida. Babban aiki, kamar wanke sabon gini, ki karkasa kuɗinsa mataki-mataki. Sabon kwastoma ki nemi wanda zai tsaya masa. Wasu malaman zamani sun yarda kwastoma ya ɗaukar wa kansa ba da sadaka in ya jinkirta, suna dogara da maganar Ibnu Dinar da Haɗɗabi ya naƙalto a Malikiyya, amma ko a wajensu kuɗin ba ya shiga aljihunki, kuma ban ga amfanin ki ɗora wa ƙaramar sana'a wannan nauyin ba.

Saura abu biyu da ba ki tambaya ba. Aikinku a cikin ɗakunan mutane yake, wani lokaci har makulli ake bar muku. Kada ke ko yaranki ku ɗauke agogo ko waya a ce an riƙe a madadin bashi. A bisa amana aka buɗe muku ƙofa, kuma hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Jingina sai da yardar mai kaya. Na biyu, ladan yaranki a wuyanki yake, kwastoma ya biya ko bai biya ba, sai dai in tun asali tarayya kuka ƙulla a kan abin da ya shigo. A hadisin ƙudusi da ke Bukhari, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan aiki, ya yi masa aikin cif, ya hana shi ladansa. Ki riƙa ware nasu daga kafin alƙalamin da kika karɓa, kafin ki taɓa shi don wata buƙata.

Allah ne mafi sani.