Jona janareta da inbatar sola

Kana tambaya ko za ka iya jona janareta da inbata don cajin batir idan hadari ya rufe rana. Eh, za ka iya, muddin inbatar tana da caja a cikinta. Wayar janaretan ta shiga inda aka tanada wa wutar NEPA, wato AC IN. Kada ka kuskura ka kai ta bakin fitar wuta, inbatar za ka ƙona.

Sharaɗin shi ne ƙarfin janaretan. Batir mai bolt 48 da ake caja da amfiya 30 yana jan kusan wat 1,500, ban da firji da fankokin da ke kan layi. Ɗan ƙaramin nan na masu shagon caji ba zai ɗauka ba. Za ka ji ya yi gurnani, wutarsa ta yi ta rawa, inbata ta sake shi, ta kuma kamawa, har mai ya ƙare batir bai cika ba. Ni dai amfiyar caji na rage zuwa 10, na mayar da saitin shigar wuta na inbata daga UPS (mai ƙin wutar da ke rawa) zuwa APL (mai karɓar wuta ko da tana ɗan rawa), sai janaretan ya zauna lafiya. Ka bar shi ya yi ɗumi kafin ka ɗora masa kaya.