Amsa: Sau nawa Fafaroma ya zo Najeriya?

Malam, ka tambaya ko wani Fafaroma ya taɓa taka ƙasar Arewa. Ƙwarai kuwa. John Paul na Biyu ya zo Najeriya sau biyu.

Zuwan farko a watan Fabrairun 1982 ne, zamanin Shagari. Ya je Legas, Enugu, Onitsha da Ibadan, ya kuma sauka Kaduna, inda ya naɗa sababbin limaman Katolika. An shirya masa ganawa da shugabannin Musulmi a can, amma ba ta yiwu ba, sai ya karanta jawabinsa a filin jirgi.

Na biyun, Maris 1998, shi ya fi ɗaukar hankalina. Abacha na mulki, duniya ta juya wa Najeriya baya bayan rataye Ken Saro-Wiwa. Fafaroma ya zo ne ɗaukaka Fada Cyprian Tansi zuwa matsayin mai albarka (matakin da ke gab da zama waliyyi a cocin Katolika) a Oba, kusa da Onitsha, amma ya roƙi a saki fursunonin siyasa kusan 60. A Abuja ya gana da Sarkin Musulmi Maccido. Ko wata uku ba a yi ba Abacha ya rasu.

Magajinsa, Fafaroma Benedict na 16, ya leƙa Kamaru a 2009 da Jamhuriyar Benin a 2011, amma bai shigo nan ba.