Agogon sensa na nuna 17 amma salansa na baƙin hayaƙi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaniki ne a Zango, nan Damagaram. Ina da Hilux mai inji 3RZ da ke bin hanyar Tanut, kwamfutarta ta ƙone na sa mata wata kwamfutar inji mai suna Speeduino. Na sayo sensar oksijin mai faɗin awo, wato waidban, daga Kano don in daidaita mai. A silo agogonta na nuna 17, na yi ta ƙara mai har fulogi suka yi baƙi, lambar ba ta sauka ba. Sensar ce jabu? Kuma tsohuwar sensar motar ba za ta iya wannan aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, maigida. Tsohuwar ba za ta iya ba. Wutar da take bayarwa tsakanin volt 0.1 da 0.9 take, kuma a wuri ɗaya kawai take faɗin gaskiya, daidai inda iska kashi 14.7 ta haɗu da fetur kashi 1. Da an taka totur cakuɗin ya koma wajen 12 ko 13, abin da ta sani shi ne mai ya yi yawa, ba ta san nawa ba. A nan kuwa inji ke lalacewa.

Game da 17 ɗin, wato iska kashi 17 ga fetur kashi 1, alamar mai ya yi kaɗan, kafin a zargi sensa a duba salansa. Sensar nan ba mai take aunawa ba, ragowar oksijin da ke cikin hayaƙi take aunawa. Duk oksijin da ya iso gare ta, ta ko'ina ya shigo, za ta ce mai ya yi kaɗan. Hanya biyu ce ke kawo wannan. Ta farko huji: gaskit ɗin manifol da ya ƙone, tsagewa a bakin walda, ko haɗin bututu da gargadar hanya ta sassauta. Hayaƙi bugu-bugu yake fita, tsakanin bugu da bugu bututun na zuƙo iskar waje, kuma a silo abin ya fi tsanani. Ta biyu silinda da ba ta kama wuta: iskarta da manta suna fita ɗanye, sensa ta ga oksijin ta nuna 17. Kun ƙara mai, fulogi sun ƙara jiƙa, fashin wuta ya ƙaru, lamba ta tsaya inda take. Baƙin fulogi tare da babbar lamba kusan kullum ɗaya daga cikin biyun nan ne.

Gwajin ba shi da wuya. Da safe inji na sanyi, ku tayar, yaro ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ku bi haɗe-haɗen da kunne da bayan hannu. Inda kuka ga layin baƙin toka a gefen gaskit, nan ne. Sai ku canza fulogi, ku mayar da teburin mai, wato jerin lambobin da kwamfuta ke bi wajen ba inji mai, yadda yake kafin ƙarin.

Wurin da aka ɗaura ta ma abin dubawa ne. Zarenta M18 ne mai tazarar 1.5. A yi waldar mazauninta bayan inda bututun silinda huɗu suka haɗu, kamar santimita 45 daga kan inji, kafin katalis, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, in yana nan. In da turbo, a matsa santimita 60 zuwa 90 bayansa. Kada ta kwanta a ƙasan bututu, a ɗaga ta aƙalla digiri 10 sama da kwance, domin ruwan da ke taruwa a salansa da dare yana fasa tangaran ɗin cikinta, wanda a sensa irin Bosch LSU 4.9 ke aiki a zafin digiri 780. Saboda haka ne ba a buɗe makulli a bar ta ta yi zafi kafin a tayar da inji, musamman a sanyin Janairu. Kada kuma mota ta yi tafiya da sensa a salansa babu wuta a jikinta, toka za ta toshe ta. Waɗanda ke maƙala ta a bakin wutsiyar salansa ba sa samun awo na gaskiya a silo.

Sai waya, inda mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Akwatin sensar na aika wa kwamfuta volt 0 zuwa 5, amma kowane kamfani da ma'anarsa. A Innovate LC-2, volt 0 shi ne 7.35, volt 5 kuma 22.39. A AEM 30-4110, 10 zuwa 20 ne. In ba ku zaɓi daidai a TunerStudio ba, wato manhajar da ake saita Speeduino da ita, agogo na faɗin abu ɗaya kwamfuta na karanta wani. Wayar nagetif ta akwatin ta sauka wuri ɗaya da ta kwamfuta, a jikin inji, an kankare fenti da tsatsa. Inda volt 5 ke ɗauke da maki 10, kuskuren volt 0.2 kaɗai ya kai maki 0.4. A sa mata fiyus. Irin ta Innovate tana son a saita ta a iskar waje kafin a ɗaura, ta AEM ba ta buƙata.

In lamba ta zama abin yarda, ga inda ake nufa. Silo da tafiya sannu, 14.7, ko 14 in injin ya fi natsuwa a haka. Totur a ƙasa, wato an taka shi duka, inji marar turbo, 12.5 zuwa 13. Mai turbo 11.5 zuwa 12. Motar da ke ɗaukar kaya fiye da kima cikin yashi, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ni 12.5 zan ba ta, domin ƙarin man yana sanyaya fistin da bawul.

Kafin gyara ku kashe gyaran kai da kwamfuta ke yi da sensar, in ba haka ba za ta riƙa warware aikinku. Inji ya yi zafi sosai tukuna. Lissafin shi ne a raba abin da aka auna da abin da ake so, a ninka da lambar da ke gidan teburin. An auna 14, ana son 12.8: 14 raba 12.8 ya ba da 1.09, wato a ƙara kashi 9 cikin 100. Gida mai 70 ya koma 76. Mutum biyu ake so a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da kwamfuta tana naɗar bayanai. A riƙe totur wuri ɗaya daƙiƙa biyar ko fiye, don hayaƙi na ɗaukar lokaci kafin ya iso sensa, kuma abin da aka gani lokacin takawa ko sakin totur ba a gyara tebur da shi. A fara daga ƙaramin gudu. In a giya uku da totur a ƙasa agogo ya haura 13.5, a ɗaga ƙafa nan take.

Abu ɗaya sensar ba ta gani: ƙwanƙwasar da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ke jawowa in ya yi yawa. Lamba na iya zama 12.5 cif fistin na narkewa. Man famfo daga matatar SORAZ da man kwalba na bakin hanya ba lallai su jure taimin iri ɗaya ba, don haka ku daidaita da man da motar za ta riƙa sha, ku bar ragowar digiri biyu ko uku na taimin. Kuma kada a shafa gam ɗin silikon a gaskit ɗin salansa, shi da baƙin mai da inji ke ƙonawa su ne ke kashe sabuwar sensa da wuri.