Yaya, ba gunki muka je gaisarwa ba

Yaya Hajiya na ga saƙonki kan hoton yaran nan da riguna ruwan goro a gaban kunkurun dutse, har kina cewa ko mun fara bin addinin mutanen ne, wallahi sai da na yi dariya. Wajen yana gaban ofishin magajin garin Toronto ne, an buɗe shi 30 ga Satumba 2024, kunkurun kuma alama ce ta 'yan asalin ƙasar, don su a tarihinsu Tsibirin Kunkuru suke kiran nahiyar nan.

Kin ga, gwamnatin Kanada da coci-coci sun yi fiye da shekara ɗari suna ƙwace 'ya'yan mutanen nan suna kaiwa makarantun kwana, yara wajen 150,000, a aske musu gashi a canja musu suna, yaro ya yi yaren uwarsa a zane shi, dubbai ba su koma gida ba. Kuma ba zamanin da can ba ne fa, sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Firaminista Harper ya ba da haƙuri a 2008, Fafaroma ma ya zo da kansa a 2022.

Rigar kuwa labarin wata Phyllis Webstad ce, tana shekara shida a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan goro ta shiga makaranta da ita, ranar farko aka tuɓe mata, ba ta ƙara ganinta ba. Shi ya sa duk 30 ga Satumba makarantu ke cewa yara su sa irinta.

Mu Hausawan nan da farko ba ruwanmu, muna cewa rigimarsu ce da Turawa. Amma baƙon da ya tarar ana zaman makoki a gidan da ya sauka ai ba ya wucewa ɗaki ya rufe ƙofa. Muna zuwa mu tsaya mu yi shiru, abin da ya shafi ibadarsu mu ja gefe, ba wanda ya taɓa tilasta mana.

Ranar wata tsohuwa ta yi magana, da ƙyar take haɗa gaisuwa da yarenta, sai ta tsaya ta nemo kalma ta rasa. Ni da kullum nake faɗa da autana ya daina amsa min Hausa da Turanci, ban san sanda na kama hannunsa na riƙe ba, har ya ce Mama kina matse ni.